Haƙuri Ba Magani Ba Ne, A Kai Maigida Gwaji

Daga Madawa zuwa Buza, daga Buza zuwa Keita, akwai wata shari'a da ake yankewa ba alƙali, ba shaida. Aure ya shekara biyu ba a ji kukan jinjiri ba, an riga an san mai laifi: matar. Uwar miji za ta fara da "Har yanzu shiru, ɗiyata?" Facaloli su bi da habaici a bakin murhu. Ranar sunan maƙwabta a miƙa mata jariri ana kallon idonta. Masu tausayi a cikinmu kuma abu ɗaya suka iya faɗa: "Ki yi haƙuri, ki kwantar da hankalinki, rabo ne bai zo ba." Muna ɗaukar wannan a matsayin tallafi. Ni kuwa na ce hanya ce ta sallamar mace cikin ladabi, a bar mata kaya ita kaɗai, a wanke namiji tas.

Mu fara da girman abin. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kusan mutum ɗaya cikin shida na manya yana gamuwa da matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, kuma ƙasashe masu arziki da matalauta kusan kunnen doki suke. Nijar ta yi suna da yawan haihuwa: binciken ƙasa na 2012 ya ba da kimanin yara 7.6 ga kowace mace, na 2021 ya ba da 6.2. Wannan lissafi ne ke rufe mana ido. Inda kowane ɗaki ke da goyo, wadda ba ta da shi ta fi kowa kaɗaici. A 2016 Aicha Macky, ƴar Damagaram, ta fito da fim ɗinta L'Arbre sans fruit, wato itacen da ba ya ƴaƴa, ta buɗe wannan ciwo da labarin kanta da na wasu matan Nijar. Duniya ta yaba, an ba shi lambar yabo. A zaurukanmu kuwa maganar tana nan inda take.

Likitoci sun daɗe da sanin cewa a kusan rabin ma'auratan da haihuwa ta yi musu wuya, akwai matsala ta ɓangaren namiji, ko shi kaɗai ko tare da matar. Namiji yana iya zama lafiyayye a shimfiɗa amma ƙwayoyin haihuwarsa sun yi kaɗan, ko ba su da kuzari, ko babu su sam. Hangum da ya kama mutum bayan balaga yana iya taɓa maraina. Ciwon sanyi da aka yi wa rabin magani a wajen mai tallar ƙwayoyi a kasuwa yana iya toshe hanya. Gwajin maniyyi kuwa yana cikin mafi sauƙi da arha a duk gwaje-gwajen haihuwa: ƴan kwanaki na ƙaurace wa iyali, ƙaramin mazubi, madubin likita. Na mace ya fi tsada, ya fi zafi, ya fi cin lokaci. Amma ita muke turawa, shi yana zaune a majalisa yana shan shayi. Manomin albasa na kwarin Majiya, in fage ya ƙi tsirowa, ba ya tsine wa ƙasa sai ya duba irin da ya zuba. Me ya sa hankalin da muke da shi a garka yake gudu idan mun shiga gida?

Ko inda matsalar ta tabbata a jikin mace, sau da yawa ba da ita aka haife ta ba. Wani babban bincike na Hukumar Lafiya ta Duniya da aka wallafa a 1985 ya nuna cewa a Afirka mafi yawan rashin haihuwar mata yana da alaƙa da cutar da ta shiga mahaifa ta toshe bututun ƙwai. Daga ina cutar take zuwa? Daga haihuwar da aka yi ba tsafta, daga ɓarin da ba a wanke da kyau ba, daga ciwon sanyin da sau da yawa miji ne ya kawo. Shi ya sa za ka ga mace ta haifi ɗaya, daga nan shiru. Mu ƙara da cin rani. Kowa ya san yadda garuruwan Adar ke zama da an gama girbi: maza sun nufi Abijan, Libiya, Aljeriya ko Najeriya, wani wata takwas, wani shekara biyu. Ya dawo ya yi wata biyu ya koma, sannan danginsa su hau ƙirga wa matarsa shekarun da ta yi ba ciki. Likita ba ya kiran abu rashin haihuwa sai ma'aurata sun shekara guda suna tare a kai a kai. Yawancin waɗanda muke kira juya ba a taɓa yi musu wannan adalcin lissafi ba.

Sai batun "kwantar da hankalinki". Maganar tana da daɗin ji, amma akwai ƙaya a cikinta: tana nufin damuwarta ce ta hana ta ciki, wato laifi na biyu a kan na farko. A 2011 mujallar likitocin Birtaniya ta BMJ ta wallafa wani nazari da ya tattara bincike 14 a kan mata fiye da 3,500 masu neman haihuwa ta hanyar asibiti, ba a ga damuwa ta rage musu damar samun ciki ba. Abin da damuwa ke yi dabam ne. Tana hana barci da cin abinci, tana kashe aure, tana sa mace ta yanke ƙauna ta bar magani a tsakiya. Saboda haka kula da zuciyarta sashe ne na jinya. Wadda za ta bi mota daga wani ƙauyen Keita zuwa Tawa, ko daga Buza zuwa Galmi, ta biya kuɗin gwaji da akuyarta, ta dawo gida ta tarar ana shirin yi mata kishiya, wane magani ne zai zauna a jikinta har ƙarshe?

Za a ce mini lamarin na Allah ne. Haka yake, babu mai ja. Amma ayoyin Suratul Shura da ke magana a kan rabon ƴaƴa ba su ware mace da laifi ba. Annabi Zakariyya da kansa ya tashi yana roƙo, bai zauna yana gorin iyalinsa ba. Nana A'isha ba ta haihu ba, kuma babu Musulmin da ke ganin darajarta ta ragu. Neman magani bai saɓa wa tawakkali ba; tun 1980 malaman Azhar suka halatta dashen ciki tsakanin miji da matarsa. Wanda ya yarda rabo na Allah ne, shi ya fi cancanta ya kame bakinsa daga gori. Ƙara aure halal ne, amma ba gwajin asibiti ba ne. Nawa muka gani sun jera uku, gidan shiru, an saki wata ta je wani gida ta haifi tagwaye?

Za a kuma ce asibitocinmu suna fama da zazzaɓin cizon sauro da tamowa, ina suka ga sararin wannan? Gaskiya ne, wanda ya ga ɗakin yara na asibitin Madawa da damina ba zai raina wannan hujja ba. Sai dai abin da nake nema ba injin miliyoyi ba ne. Tun 2006 gwamnati ta ɗauke kuɗin awon ciki, da tsarin iyali, da jinyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar. Mai son tazarar haihuwa tana da ƙofa. Mai neman haihuwa ba ta da ko benci. Da ta rasa mai sauraronta, sai ta nufi boka da ɗan bori da mai saiwa, waɗanda ko ba su warkar ba suna ba ta lokaci, suna tambayar ta yadda ta kwana. Wasu haɗe-haɗen matsi kuma su ƙara mata ciwo a kan ciwo.

Ga abin da za a iya farawa da shi bana. Ungozomar asibiti ta ware rana guda a wata don ma'aurata masu neman haihuwa, a ɗaki mai ƙofa, inda maƙwabciya ba za ta ji ba. A kafa ƙa'ida cewa ba a fara doguwar jinyar mace sai an gwada mijin, kuma in an yi maganin ciwon sanyi a yi wa su biyun. Makarantun mazaje da aka fara a jihar Damagaram suka bazu zuwa wasu jihohi, waɗanda suka koya wa maza raka mata awon ciki, su ɗauki wannan darasi ma. Limamai su yi huɗuba a kan gori kamar yadda suke yi a kan giba, domin ɗan'uwanta ne. Matan da suka bi wannan hanya, waɗanda suka samu da waɗanda suka rungumi riƙon ƴaƴan dangi, a haɗa su da masu tasowa. Likita kuma ya faɗi gaskiya in hanya ta ƙare, kada a bar mutane suna sayar da gona a kan abin da ba zai yiwu ba.

Kai kuma maigida, kafin ka sake cewa iyalinka ta yi haƙuri, ka biya kuɗin mota na mutum biyu, ka zauna kusa da ita a layi, ka fara miƙa naka gwajin. In Inna ta tambaya, ka ce mata: "Inna, mu biyu muke nema, mu biyu kuma likita yake dubawa."