In An Tashi Daga Wasa, Kowa Ya Ɗauki Shararsa

Duk wanda ya taɓa halartar hawan Salla a Haɗeja ya san irin taron da akan yi. Tun da hantsi jama'a ke kwararowa daga Auyo da Kafin Hausa da Malam Madori da Kaugama, daga Birniwa da Guri da Kirikasamma, kowa da adonsa. Kakaki na tashi, algaita na amsawa, 'yan tauri da masu kalangu kowa ya kafa da'irarsa, da dare kuma samari su jera manyan lasifikoki, mawaƙan zamani su karɓi fili. Irin wannan taro, ko da bai kai girman na Salla ba, shi ake gani a wuraren kalankuwa bayan kaka, da fagen dambe da kokawa, da ranakun su a fadamu. Babu mai hankalin da zai ƙi waɗannan bukukuwa, gama su ne ke sada zumunci, su raya al'ada, su kuma kawo ciniki ga mai tsire da mai fura da mai abin hawa.

Abin takaici shi ne halin da akan bar fili a ciki in an watse. Washegari da safe ba a ganin ƙasa sai ledar ruwa, da baƙar leda, da robobin lemo da na zoɓo, da fararen mazuban abinci, iska na kwasarsu tana maƙala wa ƙaya da shinge, sauran kuma tana turawa cikin kwata. Mutum dubu nawa ne suka zo, ko wanne ya sha ya yar, ya ci ya yar, ya kaɗe rigarsa ya tafi, ba wanda ya tsaya ya tambayi kansa inda abin da ya yar zai kwana.

Kafin a zargi 'yan yau da lalacewa, ya kamata a gane cewa ɗabi'ar yar da shara a ƙasa tsohuwa ce. Kayan da ake yarwa ne suka sake. A da, fura a ƙwarya ake damawa, a sha da ludayi a mayar wa mai ita. Tsire a takarda ake naɗewa, alala a ganye. Abin da kan rage a fili bai wuce ɓawon rake da na gyaɗa da kashin dawaki ba, waɗanda awaki kan cinye, ko su ruɓe su zama taki. Har ma manoma kan zo da jakuna da mangala su kwashe juji su kai gona. Kwalbar lemo kuwa ba mai yar da ita, domin an ajiye kuɗin kwalba, sai an mayar a karɓa. Daga shekarun 1990 ne ruwan leda ya cika gari, robobi suka maye gurbin kwalabe. Leda ba ta ruɓewa a shekara ɗaya ko goma. Iyakarta ta yayyage ta shige cikin ƙasa. 'Yan bola jari kan tsince ƙarfe da gwangwani da roba mai nauyi saboda suna da kuɗi, amma ba su cika kula siririyar leda ba. Hannun da ya saba yar da ɓawon rake shi ne yau ke yar da leda, alhali kuwa Hausawa sun ce in kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake.

Wannan magana ta shafi kowane gari, amma ta fi shafar Haɗeja saboda inda Allah Ya ajiye ta. Kogin Kano da na Calawa ne suka haɗu suka zama Kogin Haɗeja, wanda ya bi ta Wudil da Ringim kafin ya iso nan, inda ƙasa ta shimfiɗe sarai, ruwa ya rage gudu, ya rarrabu cikin fadamu a kan hanyarsa ta zuwa Nguru da Gashuwa da Tafkin Cadi. A irin wannan ƙasa, abin da ya faɗa ruwa ba ya nisa. Nan yake kwanciya. Tun bayan da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Calawa a 1992, ruwa ya riƙa zuwa rani da damina, ciyawar kacala ta sami wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa da yawa, yashi da laka suka taru a gindinta. Mutanen wannan masarauta ba su manta da ambaliyar 2018 da ta 2020 da ta 2022 ba, sa'ad da gonakin shinkafa suka nutse, gidaje suka rushe, samari suka kwana a bakin jinga suna cika buhuna da ƙasa. A 2022 ɗin, mutum fiye da 600 ne suka rasu a Nijeriya sanadin ambaliya, kuma Jihar Jigawa na cikin jihohin da abin ya fi yi wa ɓarna.

Ba za a ce leda ce ke sa kogi ya yi ambaliya ba. Wannan aikin ruwan sama ne da kacala da cikewar kogi, kuma maganinsa yana hannun gwamnatoci da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Amma ruwan da kan kwanta cikin unguwanni bayan an ɗauke sama, ya jiƙa gindin katangar ƙasa har ta zube, yawancinsa magudanar da ta toshe ce ke hana shi wucewa, kuma duk wanda ya taɓa yashe kwata ya san abin da shebur ke fitarwa. Bugu da ƙari, a 2024 da 2025 Babbar Salla ta faɗo ne cikin watan Yuni, watau daidai bakin damina. Sharar da aka zubar ranar hawa, ruwan farko ne ya kwashe ta ya cusa cikin magudanai.

Ɓarnar ba ta tsaya nan ba. Ruwan da ya kwanta shi ne gidan sauro, ƙazantar da ta gauraya da ruwan sha kuma ita ce hanyar amai da gudawa, cutar da ta yi wa Jigawa mugun kamu a 2021. Mahauta sun san irin dunƙulen ledar da sukan tarar a tumbin saniya ko akuya. Dabba ta yi ta ramewa, mai ita na sayen magani, bai san leda ce ta cika mata ciki ba. Manomin da ya kai takin juji gona yanzu sai ya yini yana tsintar leda kafin ya yi huɗa. Masunci ya jefa taru ya jawo roba, alhali kasuwar kifin Haɗeja na cikin waɗanda ake ji da su a Arewa. Fadamar Baturiya ta ƙasar Kirikasamma, wadda aka sa cikin jerin dausayin duniya masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar a 2008, inda tsuntsaye kan zo tun daga Turai su yi hunturu, ita ma tana ƙarshen wannan hanyar ruwa. Mai yar da leda a filin wasa ya ɗauka ya rabu da ita ke nan, bai san ya aika wa makiyayi da manomi da masunci ba ne.

Akwai hanzari iri uku da akan kawo. Na farko, wai babu kwandon shara a fili. Gaskiya ne sau da yawa babu, kuma wannan laifi ne na masu shirya taro da na hukuma. Amma ledar da mutum ya iya riƙewa tana cike da ruwa, me zai hana ya riƙe ta bayan ya shanye? Aljihun da ya ɗauki goro da kuɗin liƙi ba zai gaza ɗaukar leda biyu ba har a isa gida. Na biyu, wai akwai masu shara da ake biya. Lalle tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kwashe shara, kuma jiha na da hukumar kare muhalli. Sai dai leburori ashirin ba za su iya bin bayan mutum dubu goma ba, ballantana iska da ruwa kan riga su isa. Kuɗin da za a biya su kuwa daga baitulmalin jama'a ne, wanda da an tsimi shi da ya sayi alli ko magani. Na uku, wai ai daga Kano ma kogi ke kawo shara. Ko da haka ne, ledar da ta toshe kwatar ƙofar gidan mutum ba daga Kano ta zo ba, kuma wanda bai share tsakar gidansa ba, ba shi da bakin yi wa maƙwabci faɗa.

An gwada tilas a ƙasar nan, an ga iyakarta. Dattawa na tuna zamanin En'e, sa'ad da duba-gari kan shiga gida ya leƙa randa da masai, a ci tarar wanda aka samu da ƙazanta. A 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta ƙaddamar da Yaƙi da Rashin Ɗa'a, a 1985 kuma aka buɗe sashensa na tsabtace muhalli a Kano. Garuruwa sun yi fes na ɗan lokaci, amma da bulala ta kau sai aka koma gidan jiya, domin tsoro aka koya, ba a koyi hali ba. Doka na da amfaninta: Ruwanda ta hana ledar zuba kaya tun 2008, Kenya ta bi sahu a 2017, Jihar Legas ta hana fararen mazuban abinci a 2024, kuma babban bikin kiɗa na Glastonbury a Ingila ya daina sayar da abin sha cikin robar da ake yarwa tun 2019. Amma 'yan kallon ƙwallo na Japan da suka tsaya suka tsince shara a wuraren zamansu a gasar cin kofin duniya ta Rasha a 2018 da ta Katar a 2022, babu ɗan sandan da ya tsaya a kansu. Tarbiyya ce tun daga makarantar firamare, inda yara ke share ajinsu da kansu.

Saboda haka gyara na buƙatar kowa ya ɗauki nasa kason. Ƙaramar hukuma kada ta ba kowa izinin kafa wasa sai ya ajiye kuɗin jingina, a mayar masa in ya bar fili yadda ya same shi, in kuwa bai yi ba a biya masu shara da su. A jera tsofaffin durom da buhuna a kowace kusurwa, a kuma kwashe su a ranar, gama kwandon da ya cika ya tumbatsa juji ne. Kowane mai sayar da ruwa ko abinci ya rataya buhu a gefen teburinsa, Sarkin Kasuwa da Sarkin Fawa su sa ido. Hakimai da dagatai da masu unguwanni su sa a yi shela kafin ranar hawa, a kuma yashe magudanai kafin biki da bayansa. Makaɗa da mawaƙa su ma suna da babban rabo, domin su ke riƙe da kunnen taro. Sanƙiran da ke iya sa attajiri ya zazzage aljihunsa ba zai kasa sa yaro ya sunkuya ya ɗauki leda ba.

Nauyi mafi girma yana wuyan ma'aikatan gwamnati da ɗalibai, domin su talaka ke kallo. Babban ma'aikacin da ya sauke gilashin motarsa ya wurgo robar ruwa ya rushe aikin malamin tsabta na shekara guda. Kujerun manyan baƙi a ƙarƙashin rumfa su ya kamata a tarar sun fi ko'ina tsabta in an tashi. Ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman da ke Haɗeja, da na Jami'ar Sule Lamiɗo da ke Kafin Hausa, da na makarantun sakandare, waɗanda suka karanta yadda sauro ke hayayyafa suka ci jarrabawa a kai, su ne ya dace a gani da buhu a hannu a bakin fili. Ilmin da bai hana mai shi yar da leda a kwata ba, bai gama shiga ba tukuna.

A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Salla na Kano cikin jerin al'adun da duniya ke taƙama da su. Wannan ya nuna idon baƙi na kan irin waɗannan bukukuwa, kuma baƙo ba doki da alkyabba kaɗai yake kallo ba, har da ƙasar da dokin ke takawa. Haɗejawa sun nuna a lokutan ambaliya cewa in gari na cikin haɗari sukan fito babba da yaro su tare ruwa da hannuwansu. Abin da ake roƙo yanzu bai kai ɗaukar buhun ƙasa nauyi ba: wanda ya sha ruwa ya riƙe ledarsa har ya sami inda ya dace ya zuba. Allah Ya sa a gane, a kuma gyara tun damina ba ta sake kamawa ba.