Kada mu ƙona hotunan 'yan ƙwallon da yara ke tarawa

A makarantarmu ta nan Cake, cikin gundumar Mayahi, na taɓa kama wani yaro yana ƙirga hotunan 'yan ƙwallo a ƙarƙashin tebur ana tsakiyar darasi. Irin hotunan nan ne da ake samu cikin cingam, yara suna tarawa suna musaya. Na karɓe su na jefa a wuta. Har yau kukan da yaron ya yi bai bar kunnena ba, kuma yanzu na yarda ni ne na yi kuskure.

Wannan ɗabi'a ba a nan ta fara ba. A Amurka, daga 1961 zuwa 1963 kamfanin Post yana buga hotunan 'yan wasan besbol a bayan kwalin abincin safe, yara suna yankewa da almakashi. Wani kati na Mickey Mantle na 1952 an sayar da shi dala miliyan 12.6 a 2022. Ban ce hotunan yaranmu za su kai haka ba. Abin da nake so mu duba shi ne ilimin da ke ciki.

Yaron da ya kasa nuna mini Senegal a taswira ya san Sadio Mane daga can yake, ya san tutar ƙasarsa. Da ya ce hoto ɗaya na Messi daidai yake da uku na wasu, ai lissafi yake yi. Malami mai dabara sai ya kama wannan sha'awar ya shiga da ita darasi.

Iyaye na da gaskiya a kan abu biyu: wasu yara na caca da hotunan, wasu na ɗaukar kuɗin cefane su sayi cingam. Nan ne ya kamata mu tsawatar, ba tare da sassauci ba.

Ga shawarata. Mu sa yara su yi nasu katunan da kwali, su rubuta tarihin Kantu, ɗan Maraɗi da ya fara ɗaukar takobin kokawa a Tawa a 1975, da na Isaka Isaka na Doso. Yaron da ya san Messi bai kamata ya rasa sanin Kantu ba.

Malamai 'yan'uwana, a karɓe hoton lokacin darasi, a mayar masa in an tashi.