Manuwal ko Otomatik: Wace Mota Ta Dace da Iyali a Hanyar Sheme?

A gidaje da yawa na Sheme da Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, idan aka tashi sayen mota, kuɗin na Baba ne, ko na Yaya da ke aiki a Kaduna, amma binciken na matashin gidan ne mai riƙe da babbar waya. Shi ake sawa ya duba hotunan da dillalai ke ɗorawa a Facebook da WhatsApp, ya tambayi farashi, ya nuna wa manya. Duk inda aka je aka dawo kuma, a kan tambaya ɗaya ake tsayawa: manuwal za a ɗauko ko otomatik?

Amsar dattawa a shirye take. Za su ce, "Kai yaro, motar da ba a turawa ta tashi ai ba mota ba ce." Maganarsu tana da tushe, kuma za a zo kanta. Amma ga yawancin iyalan da mota ɗaya za su iya saye, wadda za ta riƙa zirga-zirga a kan kwalta tsakanin gida da Funtuwa da Zariya da Katsina, otomatik mai sauƙin ƙira ta fi dacewa. Sharaɗin shi ne a san irin wadda za a saya, a kuma bincike ta kafin a miƙa kuɗi.

Abin da ya bambanta su

A manuwal, direba ne ke taka kulochi ya raba inji da giyabos, ya zaɓi giya da hannunsa, sannan ya saki. Ƙarfe ne da faifai, babu wani abu ɓoyayye. A otomatik kuwa, man giya ne ke ɗaukar ƙarfin inji ya kai wa giyabos, wata ƙaramar kwamfuta da makanikai ke kira birenbos tana karanta gudu da nauyin totur, ita ce ke yanke lokacin canza giya. Ba sabuwar fasaha ba ce. Kamfanin General Motors ya fara sayar da ita a motocin Oldsmobile na 1940, kuma a Amurka ta daɗe da mamaye kasuwa.

Wannan tarihi ya shafi mai saye a Faskari kai tsaye. Motocin da suka shigo daga Turai, irin su Golf 3 da Sharan da Vectra, yawancinsu manuwal ne, domin abin da Turawan can suke tuƙawa ke nan a shekarun 1990. Peugeot 504 da 505 da 406 da kamfanin PAN ya haɗa a Kaduna su ma akasari giyar hannu ce. A kansu makanikan yankin suka koyi aiki. Su kuwa Corolla da Camry da Matrix da Vibe da Sienna da suka cika kasuwar 'yan Kwatano a yau, daga Amurka da Kanada mafi yawansu suka fito, kuma otomatik ne. Sienna ma ba a taɓa ƙera ta da giyar hannu ba. Wanda ya dage sai manuwal ya taƙaita wa kansa zaɓi: ko tsohuwar motar Turai da ta haura shekara 20, ko ya sha yawo neman Corolla manuwal, wadda ba ta da yawa.

Hujjar dattawa

A wannan yanki, tsayuwar mota a hanya ba ƙaramar magana ba ce. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme saboda 'yan bindiga, aka ce su zagaya ta Funtuwa. A watan Satumba na shekarar aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara. Wanda ya rayu a waɗancan watanni ya san yadda ake ji idan mota ta ƙi tashi da la'asar sakaliya, ga iyali a ciki, ba kuma layin da za a kira wani.

A irin wannan hali manuwal tana da fifiko na gaske. Idan batir ya yi sanyi ko kik ya ƙi, mutum biyu za su tura, direba ya sa giya ta biyu ya saki kulochi, mota ta kama. Otomatik ba ta tashi da turi. Ko janta aka zo yi, akwai doka. Famfon da ke zagaya da man giya da inji yake aiki, don haka idan aka ɗaura mata igiya aka ja ta tafiya mai nisa inji a kashe, tayoyin gaba suna ƙasa, giyabos na iya ƙonewa. Sai an ɗaga gabanta ko an samo janwe. Haka kuma faifan kulochi kusan kowane gareji zai canza shi a wuni ɗaya, amma buɗe giyabos na otomatik aiki ne na ƙwararru, sau da yawa sai an dangana da Funtuwa, ko ma Zariya ko Kano.

Duk wannan gaskiya ne. Sai dai a lura da abubuwa biyu. Na farko, motocin da ba su da kafireto suna bukatar wuta kafin famfon mai da birenbos su yi aiki, saboda haka idan batir ya mutu murus, turi ba lallai ya tayar da manuwal ɗin ba. Na biyu, yanzu akwai ƙaramin batirin tayar da mota, girmansa bai wuce babban fawa-banki ba, ana cajinsa kamar waya, a maƙala wa batir wayoyinsa biyu a murɗa makulli. Wannan ya rage rabin matsalar. Rabin da ya rage shi ne mutuwar kik, kuma nan manuwal ta ci. Amma kik ba kasafai yake mutuwa ba sanarwa ba. Yakan fara da ƙyas-ƙyas da jan ƙafa na kwanaki, mai kula da motarsa zai ji, ya gyara tun yana gida.

Wa zai tuƙa idan maigida ba ya nan?

Ga tambayar da ba a cika yi ba a wajen ciniki. Ana cewa motar iyali, amma a gidaje da yawa mutum ɗaya ne ya iya ta. Ranar da ya tafi kasuwar Dandume, ko ya kwana a Kaduna, motar ta zama ƙarfen ajiye a ƙofar gida. Naƙuda kuma ba ta duba ko maigida yana gari. Zazzaɓin yaro da ya rikiɗe zuwa jijjiga da tsakar dare shi ma haka. Wani lokaci ma shi direban ne ba lafiya, ana neman wanda zai kai shi babban asibitin Funtuwa ko na Ƙanƙara, ko a wuce da shi Shika.

Otomatik ta rage aikin koyo ƙwarai. Birki ne da totur, hannu biyu a kan sitiyari. Uwargida mai koyarwa a makaranta ko mai aikin asibiti, da ɗan gida da ya kai shekarun lasisi, za su iya cikin ɗan lokaci, ba tare da fargabar mota ta mutu musu a tsakiyar mahaɗa ko ta gangara baya a hawa ba. Dattijo mai ciwon gwiwa shi ma ya huta da taka kulochi a cunkoson Ƙofar Doka. Manuwal a hannun sabon direba cikin firgici takan mutu a daidai lokacin da ba a so. Idan tsaro ne ma'aunin, motar da mutum uku a gida za su iya tayarwa su tafi ta fi wadda mutum ɗaya kaɗai ya iya, ko da ita ana tura ta.

Maganar mai

Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kowace lita lissafi ce. Gaskiya ne tsohuwar otomatik mai giya 4 ta fi manuwal shan mai. Amma ratar ba ta kai yadda ake faɗa a majalisa ba. A gwajin hukumar kare muhalli ta Amurka, bambancin Corolla ta 2005 manuwal da otomatik bai wuce kimanin kashi 10 cikin 100 ba. Taya mara iska da tsohon fulogi da nauyin ƙafar direba suna iya cinye fiye da haka. Babban abin da ke raba shan mai shi ne girman inji. Corolla mai lita 1.8 otomatik ba za ta kama ƙafar Camry ko Accord mai silinda 6 a sha ba. Wanda ke tsoron gidan mai, girman inji ya kamata ya fara tambaya.

Ba kowace otomatik ba

Nan ne ake faɗawa rami. Kalmar otomatik ta haɗa ƙira iri-iri, kuma ba duka suka dace da Sabuwa ba. Lissafin ɗaya ne da na waya. Idan gilashin Tecno ya fashe, a kowane gari za a samu, amma wata wayar sai an aika Farm Centre a Kano. Mota ma a tambayi kayanta kafin a tambayi kyanta.

Mafi sauƙi ita ce otomatik ta gargajiya mai giya 4, irin ta Corolla 2003 zuwa 2008. Matrix da Pontiac Vibe masu inji 1.8 'yan gida ɗaya ne da ita, domin Vibe haɗin gwiwar Toyota da General Motors ce. Saboda yawansu, kayan gyaransu ba sa wuya a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna. A ɗaya gefen akwai CVT, mai aiki da bel na ƙarfe, da ke cikin Nissan Murano da Altima ta 2007 zuwa sama da yawancin Corolla na Amurka daga 2014. Akwai DSG na Volkswagen, akwai kuma AL4 da ke cikin wasu Peugeot 406 da 307, wadda ta yi ƙaurin suna. Accord 2003 mai silinda 6 kuwa, kamfanin Honda da kansa ya janye ta don gyaran giyabos a 2004. Waɗannan suna son mai na musamman da makanike na musamman. Iyalin da garejin da suka yarda da shi yake Sheme gara su bar wa mazauna Abuja.

Ko mai sauƙin ma tana da abokan gaba: zafi, ruwa, da man da ba nata ba. Kowace ƙira da man da aka yi mata. Waccan Corolla tana amfani da T-IV, sababbin Toyota da yawa WS, Honda kuma DW-1. Jan man da ake ɗurawa daga galan mara suna a bakin titi ya kashe giyabos da yawa, aka ɗora wa otomatik laifi. Da damina kuma, idan aka ratsa ruwan da ya kai cikin mota, a duba man kafin a ci gaba da hawa.

Aikin mai waya ranar ciniki

A nan matashin gida zai yi amfani fiye da duba hotuna. Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da soket na OBD-II a ƙarƙashin sitiyari, na Turai masu fetur kuma daga 2001. Akwai ƙaramar na'ura mai suna ELM327 da ake sokawa a ciki, ta haɗu da waya ta Bluetooth, a buɗe manhaja irin Torque ko Car Scanner. Da zarar an sauke manhajar ba a bukatar data, ko babu sabis za ta karanta. Mai iPhone ya nemi samfurin Wi-Fi ko wanda aka rubuta yana aiki da iPhone, domin na gama-gari da Android yake jituwa.

Lambobin da suka fara da P07 na giyabos ne. P0741, alal misali, yana nuna matsala a na'urar da ke haɗa inji da giyabos. Idan manhaja ta nuna babu lamba ko ɗaya, amma gwaje-gwajen birenbos duk ba su kammala ba, alama ce an goge lambobin ko an cire batir kwanan nan. A yi tafiya mai ɗan nisa da motar a sake karantawa. Na'urar mai araha ba ta ganin komai, saboda haka a haɗa da ido da hanci. A zaro sandar awon man giya. Idan ja ne ko ya ɗan yi duhu, da sauƙi. Idan ya yi baƙi yana warin ƙuna, ko ya yi fari-fari kamar an zuba madara, a haƙura da motar komai arharta. A taka birki a sa D, a sa R. Jinkiri mai tsawo ko dukan da ke girgiza mota ba alheri ba ne. A kuma binciki lambar VIN mai haruffa da lambobi 17 a intanet, domin motocin da ambaliya ta ci a Amurka suna bin gwanjo su iso nan, kuma ruwa ya fi yi wa otomatik illa.

Wanda manuwal ta fi masa

Akwai gidan da duk wannan lissafi bai hau kansa ba. Idan motar za ta riƙa shiga gona, tana ɗauko buhunan masara daga ƙauyukan Sabuwa, tana kokawa da taɓo da yashi rabin shekara, ko za a riƙa ɗan yin haya da ita ranar kasuwa, manuwal ce tasa. Nauyi da tafiyar hawainiya a cikin laka suna dafa man otomatik, ita kuwa manuwal abin da za ta ci shi ne faifan kulochi, mai sauƙin kuɗi. Haka wanda kuɗinsa Golf 3 kawai za su iya saye. Lafiyayyar manuwal ta fi gajiyayyar otomatik nesa ba kusa ba.

Amma gidan da ke bakin kwalta, mai yara 'yan makaranta da tsofaffi masu zuwa asibiti, ya ɗauki otomatik mai giya 4 ta dangin Toyota, bayan an soka mata na'ura an duba manta. A ware wani abu daga kuɗin motar a sayi sabon batir da ɗan batirin tayarwa, a ajiye a cikinta da caji. Sannan tun makon farko a fara koya wa mutum na biyu a gidan tuƙi, a nema masa lasisi, a yanka masa nasa makullin.