Burtuntunar alkama cikin iri take kwana

Kai da ka yi karatun yaƙi da jahilci, karanta wannan takarda, ka kuma karanta wa maƙwabcinka na garka.

Kowace shekara in alkama ta fid da kai, sai ka ga mutane sun nufi kasuwa neman magani. Ganye ya yi ruwan ɗorawa, a sayo magani. Kai ya yi baƙi, a sayo magani. Sau da yawa ma maganin ƙwari ake sayowa, irin wanda ake fesa wa wake. Wannan zubar da kuɗi ne, don maganin ƙwari ba ya kashe cutar alkama. A ganina, wanda ya bari sai ya ga cuta sannan ya tashi, ya makara. Aikin yana wurin iri.

Fara da sanin abin da ke gabanka. In ganye ya sake launi, shafa shi da farin ƙyalle. In ka ga jan gari ya kama ƙyallen, kamar na tsohuwar hauya da ta kwana cikin ruwa, tsatsa ce. In ƙyallen ya fito fari, kuma ganyen ƙasa ne ya fara lalacewa, to yawanci yunwar taki ce, ko ruwa ya kwanta a fangali ya shaƙe saiwa. Tsatsa tana son raɓa da ɗumi, bushewar hunturu kuwa tana rage mata ƙarfi. Shi ya sa ake cewa ka shuka daga tsakiyar watan 11 zuwa farkon watan 12. Mai shukar watan 1, zafin watan 3 zai tarar da alkamarsa ba ta cika ido ba. In tsatsar ta yi yawa, kai ganyen wurin malamin gona ya duba. Kada ka raina ta: a 1998 wata sabuwar tsatsa ta ɓulla a Uganda, iska ta kai ta har Habasha da Sudan, ta kuma ci irin da a da ba ta iya ci.

Amma wadda na fi so mu tsaya a kanta ita ce burtuntuna. Ka san ta a dawa. A alkama, kan da ya kamu yakan riga sauran fitowa. Babu tsaba cikinsa, sai baƙin gari kamar toka. Bayan ƴan kwanaki iska ta kwashe garin, ta bar tsinke tsirara. Sai mai garka ya ce cuta ta wuce. Ina ta wuce! Garin nan ya faɗa cikin furen lafiyayyun kawuna na kusa, ya shige har cikin ƙwayar. Ƙwayar za ta nuna ta yi kyau, ba ka iya bambanta ta da ido. Ka ci ta, ba kome. Ka shuka ta baɗi, ta haifa maka baƙin kai. In kai 5 cikin 100 sun yi baƙi, tiya 5 cikin 100 ka rasa, bayan ka ba su ruwa da taki daidai da sauran.

Don haka, ko a gandarin Ƙonni kake noma, ko a garkar Abzin, shiga alkamarka da sassafe lokacin fid da kai, kafin iska ta tashi. Tafi da leda. Rufe baƙin kan da ledar tukuna, sannan ka tuge tushen, ka kai nesa ka ƙona. Kada ka kaɗa shi cikin gona. Fangalin da ka ga burtuntuna a ciki, na taliya da alkaki ne, ba na iri ba. Alkamar kasuwa kuwa, wa ya ga gonar da ta fito? Na san akwai wanda zai ce irin kwaferatib ya yi tsada. Gaskiya ne. To nemi iri wurin maƙwabcin da ka ga gonarsa da idonka.

Game da garin maganin da ake cuɗa iri da shi, ba kowane ne ke kashe wannan cuta ba. Wani a bayan ƙwaya yake tsayawa, cutar kuwa tana ciki. Tambayi malamin gona wanda ke shiga cikin tsiro. Irin da aka cuɗa da magani ba a ci, ba a ba kaji.

Akwai wata dabara da manoman Indiya da Pakistan suka sani tun shekarun 1930, ba ta cin ko dala. Rana ce ke aikin, mu ko ba mu rasa rana ba. Cikin zafin watan 4 ko na 5, jiƙa irin cikin ruwa daga ƙarfe 8 na safe zuwa ƙarfe 12. Jiƙon yana tada cutar daga barci. Tsame shi, ka baza shi sama-sama a kan daɓe cikin rana har ƙarfe 4. Zafin yana kashe ta. Kada ka zuba shi a buhu sai ya bushe ƙarau. Gwada da tiya guda tukuna: ƙirga ƙwaya 100, shuka su cikin jiƙaƙƙen yashi a inuwa, bayan mako guda ka ƙirga nawa suka tsiro.