Otal Ko Zauren Dangi: Ina Matafiyi Zai Kwana?

A garinmu Dudunni, in ka ce wane ya kwana a otal, sai ka ga dattawa sun dubi juna sun yi shiru. Otal, a nasu sanin, matattarar mashaya ce da 'yan caca da matan da suka ƙi zaman aure, kuma ɗan mutunci in dare ya yi masa a wani gari gidan dangi ya ke nema, in babu dangi ya nemi gidan mai unguwa ko ya kwana a masallaci. Samarinmu kuwa sun kama ɗaya gefen. A wurinsu wanda ya kwana a babban otal ya gama isa, sai ya ɗauki hoton gado da na banɗaki ya watsa ta waya domin abokai su san ya waye. Ni a ganina duka ɓangarorin biyu sun bar jaki suna dukan taiki, kuma ina so in faɗi dalilina, musamman game da irin otal ɗin nan na masu hali da a ke ginawa kusa da filin jirgin sama.

Da farko, me zai sa mutum ya so kwana a bakin filin jirgi? Gaskiya ne akwai filin jirgi a Katsina, kuma alhazan jiharmu daga can su ke tashi. Amma mai zuwa Umra, ko ɗalibin da ya sami karatu a Alƙahira, ko ɗan kasuwa, galibi Kano zai nufa. Jirgin ƙasashen waje kuwa ba ruwansa da lokacin barcin mutum, sau da yawa cikin dare ya ke tashi ko da asuba, kuma ana son fasinja ya hallara kamar awa uku kafin nan. Daga wajenmu sai ka fito bakin titi, ka bi ta Gidan Mutum Ɗaya, ka wuce Tsanyawa da Bichi da Dawanau sa'an nan ka shiga Kano. Da rana wannan ba wata tafiya ba ce, amma a halin da hanyoyinmu su ke ciki a 'yan shekarun nan ba mai hankalin da zai kama ta da tsakar dare. Tilas ne dai a kwana a Kano. Wanda ya makara jirgi ya tashi ya bar shi, yana iya yin asarar abin da ya noma shekara guda.

Ga dattawanmu, cikin ladabi, zan ce masaukin da a ke biya ba Turawa ne suka kawo mana shi ba. Jirgin sama ya fara sauka a Kano a 1925, aka fara jigilar fasinja a 1936, amma tun ɗaruruwan shekaru kafin nan ayarin raƙuma ke sauka a Fagge, bayan ganuwar birni. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro, da waɗanda suka kafa zango a Salaga da Kumasi da Sabo ta Ibadan, duk sun san wani mutum da a ke kira fatoma. Shi ne mai saukar da baƙi. Zai ba ka ɗaki, matansa su dafa maka abinci, ya ajiye maka kaya, ya nemo maka mai saye, in an ci bashinka ya tsaya har a biya, sa'an nan ya ɗauki la'adarsa. Ba wanda ya taɓa cewa farke ya zubar da mutuncinsa don ya sauka gidan fatoma. Ashe ke nan biyan kuɗin masauki ba shi ne laifi ba, abin da mutum ya je yi a masaukin shi ne abin dubawa.

Ni ma na ga irin wannan otal da idona, gani kuwa ya kori ji. A dogon hutun bara aka sa ni in raka kawuna Kano zai tafi Umra, domin ya manyanta, gwiwa kuma tana damunsa. Ɗansa da ke aiki a Abuja shi ya kama mana ɗaki a wani babban otal da ba shi da nisa da filin jirgi. Tun daga ƙofa masu gadi suka duba ƙarƙashin motar da ta kawo mu. A ciki ko'ina sai ƙyalli, ga sanyi kamar tsakiyar hunturu alhali a waje mutane na ta sharce gumi. Maimakon makulli aka ba mu wani ɗan kati, shi ke buɗe ƙofa, shi ne kuma ke kunna fitila. Akwai ruwan zafi da na sanyi a famfo, an yi alamar alƙibla a ɗakin, an kuma ajiye dadduma. Wajen ƙarfe tara aka ɗauke wuta, amma kafin in ƙifta ido injin ya tashi, hasken ya dawo. Ƙarfe uku na dare aka bugo waya aka tashe mu, motar otal ta kai mu har bakin ƙofar shiga cikin 'yan mintoci.

Kawu dai bai sake ba ko kaɗan. Ya sa na kashe na'urar sanyaya ɗaki, ya ce tana shiga masa ƙashi. Da ya ji kuɗin kwanan sai ya fara lissafa shi da buhun gero, ya yi ta salati. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da muka kwanta ya ce, "Kai ɗan nan, ka lura tun da muka shigo kowa sai ranka ya daɗe ya ke ce mini, amma ba wanda ya tambaye ni mutanen gida?" Na ce, "Kawu, ai ba su san mu ba." Ya ce, "To, ai maganar ke nan."

Yanzu bari in juya ga 'yan'uwana samari masu ɗaukar hoto. Me a ke saye da wannan kuɗi mai yawa? A 2024 aka mai da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000 a wata, kuɗin da aka biya mana na dare ɗaya kuwa ya haura haka. Na daɗe ina tunanin abin, kuma na ga ba gadon a ke biya ba, domin gado gado ne, wanda ya gaji ko a kan tabarma ya yi barci. Wutar da ba ta ɗaukewa a ke biya, da ruwan da ba ya yankewa, da mai gadin da ba ya gyangyaɗi. Watau mai otal ya zama ƙaramar hukuma a cikin katangarsa: ya sayi injinsa yana zuba masa man gas, ya haƙa rijiyar burtsatse, ya ɗauki masu tsaro, sa'an nan ya raba kuɗin duka a kan waɗanda suka kwana. Kowa ya tuna watan Oktoba na 2024, lokacin da manyan layukan lantarki suka lalace, yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda cikin duhu. A kwanakin nan masu markaɗe da masu walda da masu sayar da ƙanƙara sun ji jiki, amma mai otal da ke da inji da kuɗin mai bai rasa haske ba. To mene ne abin alfahari a nan? Mu da ke kwana a makaranta mun san layin famfo da asuba, mun san karatun dare da tocila. Abin da ya kamata a ce kowane ɗakin kwanan ɗalibai yana da shi, shi ne ya zama kayan ƙawa har a ke ɗaukarsa hoto.

Wani zai ce, to a koma gidan dangi mana, ai zumunta a ƙafa ta ke. Haka ne, kuma ba na fatan ranar da Bahaushe zai rufe wa baƙo ƙofa. Sai dai mu riƙa duba halin masu saukar da mu. Mutanenmu da ke zaune a Kurna ko Rijiyar Lemo, da yawansu ɗaki biyu su ke haya, ba su da zaure irin na ƙauye. In baƙo ya zo, yara a ke kwashewa a kai maƙwabta. Matar gida ta sake hura wuta bayan isha'i, maigida ya ciwo bashin nama don kada a koma gida a ce bai kyauta ba, sa'an nan ya fita cikin dare yana neman mai Adaidaita Sahu da zai yarda ya kai su filin jirgi. Ba zai taɓa faɗa ba, kunya ba za ta bari ba. An ce baƙo raɓa ne, amma gidan da ke kan hanyar filin jirgi raɓarsa ba ta bushewa, wannan na tafiya wancan na sallama. Sau nawa muka taɓa tambayar kanmu nawa zuwanmu ya ci masa?

Akwai kuma kashi na uku, waɗanda ba su da dangi a Kano, ba su kuma da kuɗin otal. Da asubar nan na gan su a gefen hanya kusa da filin jirgi, tsofaffi maza da mata a kan tabarmi, kowa ya yi matashi da jakarsa don tsoron ɓarayi, sauro na ta shagali. Jirgi ɗaya za su shiga da kawuna, kujera iri ɗaya, ɗakin Allah ɗaya su ka nufa. Sunan Malam Aminu Kano filin ke ɗauke da shi, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana faɗa domin talakawa har ya rasu a 1983, shi ya sa ganinsu ya ƙara taɓa ni.

Saboda haka ni ban ga laifin wanda Allah ya hore wa ya kama wa tsohonsa ɗaki mai kyau ba. Kawu ya tashi da ƙarfinsa, ya shiga jirgi a kan lokaci, ba a kuma ɗora wa kowa nauyi ba, wannan kuwa ba almubazzaranci ba ne. Abin da na ke kuka da shi shi ne tsakanin wannan otal da waccan tabarma ba mu da komai namu. Akwai ƙananan masaukai a Kano, amma baƙauye bai san na kirki ba, bai san na banza ba, kuma tsoron sunan otal kaɗai ya isa ya hana shi tambaya. Fatoma ne muka rasa, watau masauki mai sauƙin kuɗi wanda ke da mutum a cikinsa, wanda zai tambaye ka mutanen gida, ya kuma san ƙarfe nawa jirginka zai tashi.

Wannan ba sai an jira gwamnati ba. Ƙasar Kankiya da Kusada ba ta rasa attajirai da manyan ma'aikata ba, kuma kusan kowane gari yana da ƙungiyar 'yan asalinsa mazauna Kano. Me zai hana su haɗa hannu su kama hayar gida guda a wajen titin Katsina, inda ba shi da nisa da filin jirgi? Ɗaki huɗu ko biyar sun isa, ɓangaren maza dabam na mata dabam, da tabarmi masu tsabta da gidan sauro, da tankin ruwa, da 'yar wutar sola ta fitila da fanka. A sa wani dattijo amintacce daga cikinmu ya riƙe shi, a yi shiri da direba ɗaya wanda za a iya tasa ko ƙarfe nawa ne. Kowane baƙo ya biya ɗan abin da zai riƙe gidan, a rubuta a littafi, a karanta lissafin a gaban jama'a lokacin taron Sallah. Marar lafiyar da aka tura asibiti a Kano da ɗalibin da ya je rubuta jarrabawa su ma sun sami wurin sa haƙarƙari.

Iyayenmu da za su karanta wannan mujalla a lokacin hutu, da yawansu suna cikin waɗannan ƙungiyoyi, wasu ma su ne ke riƙe da asusun. Ina roƙonsu su sa maganar cikin abin da za a tattauna a taro mai zuwa, su kuma fara da tambayar 'yan'uwanmu na Kurna baƙi nawa suka saukar daga Sallar bara zuwa ta bana.