"Nan" na wa? Ba da umarni daga wajen foldar aiki

Ɗalibin Hausa ya san kalmar "nan" ba ta cika ma'ana sai an san inda mai magana yake tsaye. Masana nahawu sun rarrabe matakai huɗu: nân mai karin faɗau, kusa da mai magana, nan mai karin sama, kusa da mai sauraro, cân, nesa amma ido na hange, sai can, wadda ta ƙure wa gani. Wanda ya tsinci wasiƙa a hanya an rubuta "ka zo nan gobe", ko ya iya karatu, bai san inda zai dosa ba.

Manhajojin da ke sauko da ƙunshin lambobin kwamfuta su girka su, irin su npm, Yarn da Composer, su ma da "nan" suke aiki, kuma "nan" ɗinsu ita ce foldar da mutum yake ciki lokacin da ya ba da umarni. Idan aka buga npm install, manhajar takan nemi fayil ɗin package.json, wanda ke ɗauke da jerin abubuwan da aikin yake bukata. In ba ta gan shi ba, ba ta tsayawa ta yi tambaya. Sai ta haura zuwa foldar da ke sama, ta sake haurawa, har ta ci karo da package.json ko foldar node_modules. Wanda ta fara samu shi ne aikin a wurinta, ko da na wani ne dabam. In kuma ta rasa, ta sauke kayan inda kake tsaye. Wanda ke sayen data da kuɗin aljihunsa ya san ciwon sauko da ɗaruruwan fayiloli a wurin da ba nasu ba.

Ra'ayina shi ne duk umarnin da za a rubuta a ajiye, ko a miƙa wa wani, a ambaci wurin aikin a cikinsa ƙarara. Hanya kuwa a buɗe take: npm tana karɓar --prefix, Yarn na farko yana da --cwd, pnpm tana da -C, Composer kuma --working-dir ko -d a taƙaice. Cargo ta bi wata hanya: da --manifest-path ake nuna mata fayil ɗin Cargo.toml kansa.

Za a ce ai cd ta wadatar: ka shiga foldar, ka ba da umarni. Ga mai bugawa da hannu, yana kallon allo, na yarda. Amma jerin umarnin da aka adana a fayil kamar wasiƙar nan yake, ana karanta shi bayan marubucin ya tashi. Idan aka sauya sunan foldar, cd ta gaza, layin da ke biye zai ci gaba da aiki a inda aka tsaya, sai fa in an haɗa su da &&. In layin na goge node_modules ne, kayan wani aiki za a goge. Haka ma cron, mai tayar da aiki a kan lokaci, daga foldar gidan mai asusu yake farawa, ba ruwansa da inda marubucin ya zauna.

Hujja mafi ƙarfi a kan ra'ayina ita ce rashin daidaiton sunayen. Kalmar --prefix ma kanta baki biyu gare ta: a npm, in aka haɗa ta da -g, wurin girka kayan bai-ɗaya take nufi, a pip kuwa wurin da za a zuba kaya take nunawa, ba inda jerin bukatu yake ba. Mai koyo da ya ɗauki ma'ana ɗaya ya kai ta ko'ina zai sha mamaki, kamar ɗalibin da ya ɗauka "gari" na zama da "gari" na tuwo kalma ɗaya ce don rubutunsu ya zo ɗaya.

Saboda haka ba na ƙin wanda ya rubuta (cd aiki && npm install) cikin baka biyu. Bakan suna sa sauyin wuri ya ƙare da ƙarewar umarnin, && kuma tana hana ci gaba in shiga ta gagara. Wannan siga tana aiki da kowace manhaja, har da wadda ba ta tanadi alamar nuna folda ba.