Kira Ga Shugabannin Sashen Shari'a Na Jihar Kano Kan Bashin Haya Bayan Hukunci

Mai Shari'a Babbar Jojin Jihar Kano, Mai Shari'a Alƙalin Alƙalai, da Mai Girma Kwamishinan Shari'a:

Muna kawo kukan masu ƙananan gidajen haya, waɗanda a cikinsu akwai gwauraye mata, marayu da 'yan fansho da cinsu da shansu ke kan kuɗin ɗaki biyu ko uku. Na farko, kotu takan tashi ɗan haya, ta yanke masa biyan bashin da ya taru, ya kwashe kayansa ya ɓace. Sai a ce wa mai gida: "Nemo shi ka kawo mana." A garin Kano, ina tsohuwa za ta nemo shi? Muna roƙo, ranku ya daɗe, a ba da umarni kafin ɗan haya ya bar harabar kotu a rubuta lambarsa ta NIN, wurin sana'arsa da sunan mai tsaya masa, a kuma yanka masa abin da zai riƙa biya duk wata.

Na biyu, kuɗin zartarwa. Mai gida ya biya kuɗin shigar da ƙara, sannan a ce ya kawo na mota, na masinja, na rakiyar 'yan sanda, galibi ba rasit. Wani har ya haƙura da bashin. A tsayar da farashi ɗaya, a liƙa shi da Hausa a ƙofar kowace kotu.

Dokar zartar da hukunci ta ƙasa ta ba kotu ikon cire bashi daga asusun bankin wanda ake bi, ko yin gwanjon kayansa, amma wanda ba shi da lauya bai ma san da wannan hanya ba. Muna roƙon a fitar da fom mai sauƙi, a ware magatakarda da zai taya shi cikewa. Sashe na 287 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa kowace hukuma alhakin zartar da hukuncin kotu, don haka ikon yana hannunku.

Ba mu nemi a tozarta wanda babu ta kayar ba. Addini ma ya ce a saurara masa. Muna magana ne kan wanda ya kama sabon gida ya biya shekara guda a dunƙule, ya bar haƙƙin marayu a baya. Irin wannan a aika masa sammaci ya zo ya bayyana samunsa a gaban alƙali, a sanya masa ranar biya.